Ma'allim Bihi, Wanda Ya Mayar wa Ijja Rufinta

Shin yabon da ya fito daga bakin mai hassada yana da lada? Tun ranar da na ji Ma'allim Bihi zai rufe garejinsa na garin Aulad Taima tambayar nan take cin raina. Na kai ta wurin limamin ƙauyenmu, ya ce in ba shi lokaci ya duba, kuma har yau bai gama dubawa ba. Ni dai zan yi yabon. Wanda ya san hukuncin ya sanar da ni.

Duk mai bin layin masu walda da sassafe ya san shi. Daga masallaci sai wurin mai burodi, ya iso gareji da burodin a hammata, ya yayyafa ruwa a ƙofa, ya ɗora buta. Ba ya taɓa wayar wuta sai ya sha shayi. Aikinsa wutar gidajen da ke tafiya da tayoyi: tsofaffin bas ɗin da mu masu kiwon zuma muke cire wa kujeru mu mayar da su ɗaki da madafa, da motocin masu aske tumaki, da na Turawan da ke gudo wa sanyin ƙasarsu. Inda muke sauka babu turken lantarki. Abin da faifan sola ya tara wa batir da rana, shi ke nan wutarka.

Yana da wata ɗabi'a da ta kori masa mutane da yawa. Ka kawo mota ka ce a ƙara maka batir, sai ya dube ta ya ce, "Ina take yini?" Ba zai kwance ko ƙusa ɗaya ba sai ya bi ka can, ya sami dutse ya zauna, ya yini yana kallo. In gidan da mace, sai ya ɗauko matarsa Rƙiya a gaban akori-kurarsa su taho tare. Masu gaggawa kan tsallaka wurin maƙwabtansa, a sayar musu da batirin a sallame su.

Hmad mai aske tumaki ya ce min injin askinsa ya shekara yana mutuwa a tsakiyar aiki, tunkiya rabi da gashi rabi tsirara, makiyaya na yi masa dariya. Ma'allim ya bi shi har kan dutse, ya gano ƙurar gashin da ke toshe iskar inbata, na'urar da ke ba injin wuta daga batir. Zaina, gwauruwar da ke soya kifi a mota tana bin kasuwanni, ta ce shi ya sa ta ɗaga katifar 'ya'yanta, ya nuna mata wayar da ta fara narkewa a ƙarƙashi. Duk lokacin da ta ba da labarin sai ta ɗaga hannu sama ta yi masa addu'a. Ni kuwa in ana irin wannan hira sai in ce rana ta yi, zan je in duba amya.

Dalili kuwa, ni ma na san wuta. Ba wanda ya koya min. Ni na haɗa wutar bas ɗinmu da hannuna, ina karanta takardun da ke zuwa cikin kwali, ina ƙona yatsu. Matata Ijja tana da ciwon siga, allurarta kuma ba ta son zafi, don haka firjin bas ɗin shi ne ranta. Da ciwon ya yi ƙarfi na ƙara faifai a rufi, na jera su a layi ɗaya wutar wannan na bi ta cikin wancan, na sa sabbin batura, na sauya wayoyi da masu kauri. Na gwada a filin ƙofar gida, batura suka cika tun kafin azahar. Amma muna hawa duwatsu lokacin furen za'atar, ganyen ƙamshin nan da ƙudan zuma ke so, sai firji ya fara mutuwa kafin gari ya waye. In duba da safe, komai daidai. In dawo daga amya da la'asar in sake dubawa, komai daidai, sai dai batura ba su ƙoshi ba.

Allura ta lalace, Ijja ta kwanta, muka sauko da ita asibiti. 'Yarmu Tlaitmas da ke birnin Agadir ta same ni a baranda.

"Baba, na gyara mata ɗaki. Kai ka bi ƙudanka, ita ta zauna inda wuta ba ta jiran rana."

Tun aurenmu Ijja ba ta taɓa barina na bi fure ni kaɗai ba. Na shiga na faɗa mata, ina jira ta ƙi.

"In firjin nan ya sake mutuwa, Addi, na bi yarinyar," in ji ta. "Ka kira Ma'allim."

"Me zai gani da ban gani ba?"

"To ba ni wayar in kira shi."

Ita ta kira shi. Da aka sallame ta muka koma duwatsu, ya iso masaukinmu da hantsi, shi da Rƙiya. Na buɗe masa akwatin batura ina shirin bayani, ya ɗaga hannu.

"Si Addi, ƙudanka na jiranka. Je ka yi yininka yadda ka saba."

"In bar maka gidana?"

"Ka bar min dutsen can. Gidan na Lalla Ijja ne, ga Rƙiya ta zo cinye mata amlu, kwaɓin zumar nan da ake dangwala da burodi."

Na tafi. Ban yi aikin kirki ba ranar, har ƙudan suka gane suka yi ta harbina. Da la'asar na dawo na tarar da shi inda na bar shi, jakar kayansa ko buɗewa bai yi ba. Ya zuba min shayi daga sama, kumfa ta tashi.

"Wa ya koya maka ɗaurin waya?"

"Babu."

"Ya yi kyau. Ba zan taɓa shi ba. Amma ka yi ƙwace, Si Addi."

"Ƙwacen me?"

"A gidanku na ƙauye, rufi na wane ne?"

Wannan ko yaro ya sani. Rufi na mata ne. Can suke shanya, can suke hira, namiji ba ya hawa sai ya yi gyaran murya.

"To Lalla Ijja ba ta daina zama mace ba don gidan ya sami tayoyi. Kana juya baya take hawa tsanin. Ta shanya barguna, ta baza za'atar a tabarma. Tana kaffa-kaffa da faifanka, wallahi, ɗan wurin da ka rage mata take lallaɓawa. Amma gefen tabarma na rufe kusurwar faifai ɗaya, kai kuma ka ɗaure su kamar raƙuma a igiya guda. Ɗaya ya durƙusa, duka sun tsaya. Kafin ka dawo ta sauke komai, don ta ga ba ka son a taɓa maka rufi."

Ijja na bakin ƙofa, ta rufe baki da gefen mayafi. "Wayyo, ashe ni ce nake kashe kaina?"

"A'a, Lalla. Bargo ba ya shanya kansa."

Na ce to abu ya zo da sauƙi, ta daina hawa. Rƙiya ta yi wata dariya da har yau nake jin ta a kunnena. Ma'allim bai yi dariya ba. Ya ce, "Mu sauko da faifan, ba matar ba."

Haka aka yi. Ya bar faifai ɗaya a saman wurin direba don tafiya. Sauran ya ɗora su a kan ƙarfen tsohon gado, ya sa masa tayoyin baro, ya ja doguwar waya zuwa bas. Ya raba su, kowane na aikinsa ko ɗan'uwansa na inuwa. Firji ya ware masa batirinsa da fis ɗinsa, yadda ko an kwana da fitila da rediyo ba za a taɓa rabonsa ba. Yanzu bas na iya shigewa can cikin inuwar bishiyar argan, abin da ban taɓa yarda a yi ba, faifan kuma a ja su rana, a juya su in ta karkata.

Firjin bai sake mutuwa ba. Ijja ba ta je Agadir ba.

Ya kamata a ce farin ciki ne kawai ya cika ni. Amma ga abin da ke damuna. Ba iya wayarsa nake ƙyashi ba, ai shi da kansa ya ce tawa ta yi. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne, mutumin nan ya zauna a kan dutse yini ɗaya ya ga yinin matata, ni da na tsufa tare da ita ban san yadda take yini ba. Ijja ta dafa kuskus, sai ta ce da Ma'allim na kusa da an kai masa. Fitila ta kama, Allah ya yi wa Ma'allim albarka. Wayar da ke kai wutar tawa ce, amma ba a taɓa sa mata albarka ba.

Shi ya sa na ƙi taɓa keken faifan. Na sa masa suna awakin Bihi. Ijja ta ce, "Addi, rana ta juya, ja min su," in ce wanda ya kawo awakinsa ya zo ya yi kiwonsu. Sai ta ɗaura ɗankwali ta ja da kanta, tana cewa, "Tsoho da kishin tayar baro, Allah ya shirye ka."

Makon jiya na bi ta layin masu walda. Na hango shi yana ƙoƙarin zura siririyar waya a rami, hannun na rawa, ya gwada ya sake gwadawa, sannan ya ajiye ya zauna yana kallon yatsunsa. Ya ɗago ya gan ni.

"Si Addi! Ya awakina?"

Ashe sunan ya kai masa. Na ce suna nan suna cin rana.

"Wa ke kiwonsu?"

Bai jira amsa ba, ya zuba min shayi, rabi a kofi rabi a tire.

Ma'allim Bihi, kai ne mai zaman dutse. Kai ne ka ɗauki yinin mace a matsayin abin da ya cancanci a auna kafin a auna batir. Da ka so da ka kunyata ni gaban iyalina, sai ka fara da yabon ɗaurina, kuma wannan ma ban gama yafe maka ba. Saboda kai 'ya'yan Zaina suka tashi lafiya, saboda kai kujerar da ke gefena ba ta zama wayam ba in na kama hanyar duwatsu. Na gode. Allah ya sanyaya maka hannuwan nan, ya ba ka inuwa mai faɗi kai da Rƙiya. Ku kuma samarin layin da za ku gaji masu zuwa wurinsa, kafin ku sayar wa mutum batir, ku tambaye shi inda motarsa take yini, ku je ku zauna.

Ban sani ba ko za a rubuta min ladan wannan. Yau dai da hantsi Ijja na kan rufi tana baza za'atar, ta leƙo ta ga inuwar argan ta fara cin keken. Ta kama tsani za ta sauko.

"Zauna," na ce.

Na kama ƙarfen gadon, na ja awakin Bihi zuwa rana.