Arzika Mai Fid da Iyaka

A fadamar Ka'oje, duk shekarar da ruwan kogin Kwara ya cika ya janye, sai ya shafe iyakokin gonakin shinkafa. Nan aikin Arzika yake. Babu igiya babu awo: ya tsaya gindin giginya, ya ƙanƙance ido, ya hango suri can gaba, ya ce a kafa turaku. Shekara ashirin ba a taɓa cewa ya karkata ba. Wallahi ko goro ba ya karɓa sai an gama rabo, don sunan gaskiyar nan shi kaɗai ya mallaka.

Shekarar samun 'yancin kai, yana cikin alwala kansa ya sara kamar an maka masa taɓarya. Kwana tara bai san inda yake ba. Da ya farfaɗo sai ja yake gani, daga baya duhu. Idon hagu ya tafi ke nan, na dama kuwa ya washe bayan wata shida, aka yi ta barka.

Da ruwa ya sake janyewa aka kira shi ya raba tsakanin Ɗanmusa da Namadi, amininsa tun na ƙuruciya. Ya duba turakun da aka kafa ya ga sun lanƙwashe kamar baka, ya sa aka gyara. Gyaran nan ya cinye kusan rabin gonar Namadi.

"Haba Arzika!" in ji Namadi. "Me Ɗanmusa ya ba ka?"

Arzika ya rantse iyakar a miƙe take. Wa zai musa masa? Mai gari ya tabbatar. Namadi ya kwashe iyalinsa ya ƙetare zuwa ƙasar Dahome ko sallama babu.

Bayan damina biyu, matarsa Gaji tana ɗaura igiyar shanya, ya ce, "Ke, ja ta mana, ta lanƙwashe."

"Malam, in na ƙara ja tsinkewa za ta yi."

Ya tashi ya shafa. Ga ta tantsan a hannu, a ido kuwa kamar maciji. Nan ya tuna turakun Namadi, kaico!

Likita a Sakkwato ya ce jinin da ya tsinke masa a ka ne ya shiga idanu, ya bar wata yana a can bayan ido tana tattare shi, shi ya sa miƙaƙƙe ke zame masa karkatacce. Ba magani.

Arzika ya tara mutane ya faɗi kuskurensa yana kuka, aka tsige turakun. Sannan Gaji ta riƙe masa sanda, kwana biyu suna tafiya har ƙauyen da Namadi ya koma. Kubura matar Namadi ce ta fito, ta saurare shi har ya gama.

"Ka makara, Malam, bara muka rufe shi," in ji ta. "Gonar ba ta dame shi ba. Har ya cika tambayata yake, me ya yi maka."