Rariyar Malam Tukur

Bari in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni: shekara huɗu na yi ina hassadar Malam Tukur, kuma har yau ban gama ba. Sunana Faruk, injiniya ne ni, da digirina da takardun shaida har uku a harkar sadarwa. Shi kuwa mutumin da zan ba ku labarinsa, iyakarsa sakandare.

A Unguwar Kanawa ta Kaduna aka haife shi, a gidan wani mai gyaran rediyo. Shekara goma sha shida ya yi yana hawa falwaya a kamfanin wayar gwamnati, har kamfanin ya durƙushe aka sallame su. Daga nan Alhaji Labaran ya ɗauke shi, lokacin Alhaji ba shi da komai sai shago mai kwamfuta shida a Kinkinau. Shagon nan ne ya girma ya zama kamfanin da muke wa aiki, muna sayar wa shaguna da makarantu da ofisoshi layin intanet, tun daga Kawo har Tudun Wada. Tukur bai taɓa zama a aji an koya masa aikin nan ba. Gani ya yi, ya ɓata, ya gyara. Siriri ne mai furfura a gemu, kullum da goro a kumatu, yana hawa wani tsohon mashin da tun daga kwanar layi ake jin zuwansa.

A ɗakin injina akwai rauta, wato na'urar da ke nuna wa kowane saƙo hanyar da zai bi. Tamu tsohuwa ce, ta hannu Alhaji ya sayo, Tukur kuma ya raɗa mata suna Gwaggo. Ciwon Gwaggo ɗaya ne, ƙwaƙwalwa. Hanyoyin intanet na duniya sun doshi miliyan, kullum ƙaruwa suke, ita kuwa da ƙyar take riƙe rabin haka, kuma babu gurbin da za a ƙara mata. Sai Tukur ya rubuta mata wasu 'yan layukan umarni da yake kira rariya. Hanyoyin cikin Najeriya da na wuraren da mutanenmu suka fi shiga su wuce ta riƙe, sauran duk a tace su. Saƙon da ba ta san gidansa ba sai ta miƙa wa babban kamfanin da muke sayen layi a wurinsa a Legas, su ƙarasa da shi.

"Injiniya," haka yake kira na, "in baƙo ya tambaye ka wani gida a Sakkwato, ai ba lungun za ka tsaya kwatanta masa ba. Tasha za ka nuna masa, can sun sani."

Kowace safiya sai ya duba yadda ƙwaƙwalwar ta cika, ya rubuta da alli a bayan ƙofa. Saba'in da tara cikin ɗari, tamanin, tamanin da ɗaya. Da alli fa, a kamfanin intanet! Ni dai ina kallonsa ina cewa a raina wannan aikin ƙauye ne.

To amma ga abin da ke ci mini rai. Duk wanda layinsa ya sami matsala, in ya bugo wa Shamsiyya, mai karɓar ƙorafin kwastomomi, abu ɗaya yake cewa: "A ba ni Malam Tukur." In ta ce ga injiniya, sai ka ji an ce to, bari dai Malam ya dawo. A taro kuwa in yi minti goma sha biyar ina bayani da Turanci mai kyau, Alhaji yana gyaɗa kai, ina rufe baki sai ya juya ya ce, "Tukur, me ka gani?" Shi kuma ya tauna goronsa ya faɗi kalma biyar, shi ke nan an yanke. Wallahi akwai ranar da na koma gida na kasa cin abinci. Kuma mutumin nan bai taɓa yi mini kallon banza ba, wannan ma haushinsa daban ne.

Ana cikin haka Alhaji ya yi abu biyu a mako ɗaya. Ya jawo mana layi na biyu daga Abuja, sannan ya ce ƙarshen wata zai naɗa shugaban ɗakin injina, don shi ya gaji da raba gardama. Mu biyu ne kawai a ɗakin. Kowa a ofis ya san wanda za a ba, har Shamsiyya ta fara tsokanar Tukur da "ranka ya daɗe". Ni kuwa na rantse kujerar nan ba za ta wuce ni ba.

Dabarar da ta zo mini ita ce in cire rariyar. In Gwaggo ta san dukkan hanyoyi, za ta riƙa zaɓar wadda ta fi sauri tsakanin Legas da Abuja, kwastomomi su ji bambanci, ni kuma in kai wa Alhaji sakamako in ce ga abin da rariya ta hana mu shekara da shekaru. Na samo wata hanyar matse bayanai, na yi lissafina a takarda, na ga za ta ɗauka, ko da ƙyar. Na ɗan ji ta bakin Tukur. Ya girgiza kai ya ce, "Injiniya, kwanon ɗaya ne. Legas za ta zo da tuwonta, Abuja ma ta zo da nata." Na ji shi sarai, amma na ɗauka tsoro yake kada in kwance masa zani a kasuwa.

Ranar Litinin da misalin goma na safe, Tukur ya tafi Kinkinau gyaran eriya. Na shiga cikin Gwaggo da sunana da lambar sirrina, na cire rariyar. Ranar ce kuma ta ƙarshe ta wata rajistar jarrabawa, shagunan kwamfuta duk sun cika maƙil da ɗalibai, amma ni hankalina bai je nan ba.

Ƙwaƙwalwar ta fara cika. Tamanin da ɗaya. Tamanin da tara. Casa'in da shida. Sai a nan na gane abin da tsohon nan ya faɗa: jerin hanyoyi ɗaya na lissafa, alhali kowane layi cikakken nasa yake turowa. Kafin in buga wani abu allon kwamfutar ya daskare. Gwaggo ta yanke layukan biyu, ta sake haɗawa, hanyoyi suka sake kwararowa, ta sake shaƙewa. Haka ta dinga yi. Ina jin wayar Shamsiyya tana ruri babu ƙaƙƙautawa, gumi ya karyo mini a ɗakin da ake sa rigar sanyi. Innalillahi! Rabin Kaduna ta arewa na kashe da hannuna.

Minti arba'in aka yi kafin na ji mashin ɗin nan daga kwanar layi, kuma ban taɓa jin daɗin ƙararsa ba sai ranar. Ya shigo, ya zare wayoyin layukan biyu don Gwaggo ta yi numfashi, ya jona kwamfutarsa kai tsaye, ya mayar da rariyar daga kansa, ko takarda bai duba ba. Sannan ya mayar da wayoyin ɗaya bayan ɗaya. A saman allon akwai sunan wanda ya yi canji na ƙarshe, da lokacin. Na ga idonsa ya tsaya a wurin. Ya share allon.

Alhaji ya shigo hula a hannu, yana huci. "Tukur, me ya sami injin nan?"

"Ƙwaƙwalwarta ce ta cika, Alhaji."

"Zai sake faruwa?"

"In hanyoyi suka fi ƙarfinta, zai sake. Ta tsufa."

Ina tsaye a wurin, na bar laifin a kan Gwaggo.

Maganar nan ta Tukur ita ta yanke hukunci. Alhaji ya ce tun da tsufa ne, a sayo sabuwa. Kamfanin da ya kawo ta kuwa ya ce ba zai ba da garanti ba sai mai takardar shaida ne ke kula da ita. Ƙarshen wata aka kira sunana. Tukur kuma aka mayar da shi aikin waje gaba ɗaya, kafa eriya da jan waya a kan falwaya, hawan da ya baro shekara ashirin da suka wuce. Shi ya fara miƙo mini hannu.

Bayan mako uku na kasa haƙuri, na bi shi Rafin Guza inda yake ja wa wani shago waya. Na same shi a gindin falwaya yana murza gwiwarsa.

"Malam, ka ga sunana ranar."

"Na gani."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Alhaji cewa ya yi me ya same ta, bai ce wa ya taɓa ta ba. Da ya tambaya da na faɗa masa." Ya gyara jakar kayan aikinsa. "Sabuwar ma ka sa mata rariya, Injiniya. Yau tana da fili, amma hanyoyin nan ba sa raguwa. Riƙe mini tsanin."

Na riƙe. Ya hau a hankali, ƙafa ɗaya na jiran ɗaya. Kafin ya kai sama, tela da mai shagon caji da wani mai walda duk sun fito suna masa sannu, kowa da matsalar da yake so Malam ya duba masa. Mai shagon da ake ja wa wayar ya kawo ruwa mai sanyi leda ɗaya, ya dube ni da takalmina mai sheƙi, ya ɗaga kai ya ce, "Malam, wannan sabon ma'aikaci aka haɗo ka da shi?"

"A'a," in ji Tukur daga sama, "ogana ne."

Mutumin ya ce to madalla, ya ajiye ruwan a gindin falwaya don in Malam ya sauko. Har yau ban faɗa wa Alhaji ba. Kujerar tana hannuna, shi yana kan tsani da ciwon gwiwa saboda ni, amma Allah ya sani, ina riƙe da tsanin nan ina kallon ledar ruwan, kuma shi nake yi wa hassada.