Albasar da Murtala Ɗigo bai gama rubutawa ba

Da safen nan ina cikin tayar da injin ban-ruwa aka kira ni, wai Murtala Ɗigo ya cika. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Zazzaɓi ne, bai ko daɗe a kwance ba.

Taubashina ne, kuma a duk Goronyo babu wanda ya kai shi ɓata min rai.

Sana'arsa gyaran waya ce a kasuwa, amma ciwonsa haruffan nan ne masu kusurwa-kusurwa na tsofaffin wayoyi da gem ɗin da muka buga muna yara. Ɗigo bayan ɗigo yake gina su. Ka kai masa waya caji ya ƙi shiga, ka karɓo ta sunan matarka ya koma kamar jerin bulo. In ka yi magana ya ce kyauta ce, kuma haka ya fi karantuwa cikin rana. Abin haushin, gaskiyarsa ce.

Tsofaffi masu raunin ido kuwa, shi ke ƙara musu girman rubutu a waya, ko sisi ba ya karɓa.

'Yarsa Hauwa a wurinsa ta koyi baƙi. Da ta shiga aji ɗaya malama ta ga rubutunta duk kusurwa, ta aiko a tambaya ko yarinyar ba ta taɓa ganin da'ira ba. Mako guda yana alfahari da wannan saƙo.

Bana ya zo gonata ta gefen dam, ya tsaya yana kallon fangaloli kamar ya ga nama. Ya ce kowane fangali ɗigo ne. Ban san yadda aka yi na yarda ba: mu dasa albasa a wasu, mu bar wasu fayau, in ta yi kore ya hau da Hauwa kan tudu ta karanta sunanta. Maƙwabta suka yi ta jajanta min, wai gonata ta yi sanƙo.

Iri ya ƙare mana saura harafi ɗaya.

Ganinmu na ƙarshe a kan tudun ne. Na leƙa ƙasa na ga HAUW, na ce masa wannan ai haushin kare ne. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Mi kaka sani, manomi? Bari in samo iri, kak ka kawo ta sai mun cika."

Wallahi ina kewarsa, har da ɓacin ran.

Lokacin dashe yana wucewa, Hauwa kuma ta san an yi mata alkawarin wani abu a gona. Duk mai ragowar irin albasa, daga nan har Taloka, ya taimaka min. Zanen sunan da ya yi a takarda yana aljihuna, zan bi shi fangali-fangali, ba zan lanƙwasa masa ko kusurwa ɗaya ba.

Allah ya jiƙan Murtala, ya haskaka kabarinsa, ya raya abin da ya bari. Wanda ya karanta ya sa shi a addu'a, ko da yana cikin waɗanda ya ɓata wa waya.