Kawu Shu'ibu da Wayar Firjina

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Laraba, 12 ga Fabrairu, 2025, ina ɗaure ƙanƙarar sayarwa a gidana a Guri, aka kira ni daga Hadejia cewa Allah ya yi wa Kawu Shu'ibu mai wayarin rasuwa, bayan jinyar kwana tara. Na zauna riƙe da leda har ruwan ya tsiyaye a zanena.

Kawu, kusan shekara arba'in kana sa wa mutane wuta, kuma ba ka taɓa bari mai gida ya zaɓar maka waya ba. Siririya ta ƙwan fitila ce, mai kauri ta firji da dutsen guga, mai sulken ƙarfe ita ake binnewa a ƙasa. In aka kawo maka wadda aka yi wa algus, sai ka kankare bakinta da wuƙa, ka nuna cewa fentin jan ƙarfe ne kawai. Gidajen zawarawa nawa ka gyara ka tafi ko ruwa ba ka tsaya sha ba?

Amma kana da taurin kai, ni ma haka. Ranar da ka zo haɗa mini firji, kafin ka buɗe jaka sai da ka nemi tabon da tsohuwar ambaliya ta bari a bango, ka auna kamu biyu a samansa, a nan ka kafa soket. Ka ƙi bi da waya ta gindin bango. Na ce sai na hau kujera zan kunna kayana? Na ce tsufa ne ya fara taɓa ka, a gaban mutane. Ka ce, "Mardiyya, kogi ba ya manta gidan da ya taɓa shiga." Ka ƙarasa aikinka ka tafi.

A daminar 2022 ruwa ya shigo mana har cinya, da wuta a jikin wayoyin. Na fito da 'ya'yana uku ta cikinsa, babu wanda ko ƙwarzane ya samu. Tun daga lokacin nake cewa zan je in ba ka haƙuri. Kunya ta riƙe ni, yau da gobe, har ga shi.

A zaman makoki na faɗa wa matarka, Inna Mairo, ina kuka. Ta ce, "'Yar nan, da aka ce ruwa ya ci Guri, tambaya ɗaya ya yi: ina ya tsaya a ɗakin Mardiyya? Da aka ce bai kai soket ba, ya yi hamdala. Bai ƙara ta da zancen ba."

Allah ya jiƙanka, Kawu, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Inna Mairo da 'ya'yansa, Fatihu da Zainaba, Allah ya ba ku haƙurin rashinsa. Ni kuma, ya gafarta mini jinkirina.