Muryar Iya Da Mai Suna

Ranar wata Juma'a ce ta kasuwar Wudil, da kaka, shekarar da na shiga aji huɗu, lokacin da arzikin fetur ya sa ma'aikatan gwamnati suka fara ajiye tumbi. Ina tsakar gida ina ɓarar gyaɗa kusa da kakarmu Iya, sai muka ji ƙarar babur a ƙofar zaure. Baffa Sule ne, ƙanin babanmu, ya zo daga Kano, ya goyo ɗansa Idi, Idi kuma ya rungume wani baƙin akwati kamar wanda aka ba riƙon jariri. Da aka gama gaisuwa, aka tambayi gajiya da mutanen birni, Baffa ya ce rikoda ce. Ya zo ne ya ɗauki muryar Iya tana ba da tarihin gidanmu, don tattaɓa-kunne su ji daga bakinta.

Zuciyata ta yi fari ƙal, domin in dai labarin Iya ne, ni ce mai shi. Ni nake kwana a ɗakinta, ni nake cika mata randa, ni nake daka mata goro a ɗan turminta tun da haƙora suka ƙare. Ƙawayena na Sabon Gari suna can suna 'yar carafke, ni ina zaune ina tsefe mata furfura tana zuba mini labari. Na san yadda aka kawo ta amarya daga Darki a kan jaki, na san shekarar da fara ta cinye dawar Achika har kakanmu ya kwashe iyalinsa ya dawo gari, na san zamanin da sai da jirgin fito ake ƙetare kogi. Idi kuwa sai hutu yake zuwa, da fararen takalma da ƙyanƙyami, ko gero da dawa ba ya bambancewa.

Sai dai akwai matsala. Iya ba ta taɓa kama sunan mijinta ba, yana raye ko bayan ransa, sai dai ta ce "Malam". Baffa kuwa ya dage sai sunan ya shiga kaset, ga shi ɗa ba ya kiran sunan ubansa gatsal, balle surukai. Sai idanu suka koma kan Idi, wanda aka sa wa sunan kakan, shi ya sa ma Iya take kiransa Maigida. Aka shirya cewa duk inda labari ya zo kan Malam, Iya za ta taɓa gwiwar Idi, shi kuma ya faɗi sunan. Na yi wuf na ce, "Iya, ni zan faɗa, ai na san duk inda yake faɗowa!" Ta dube ni tana dariya ta ce, "Mai abu yana zaune, ke kya ara? Tashi ki kore mana kajin nan kada su shiga akwatin."

Haka aka shimfiɗa sabuwar tabarma a inuwar ɗakinta, aka hana daka, aka kai awaki bayan rumbu, ni kuma aka ba ni kara. Ina jiyo ta daga nesa tana jan labaran da na haddace, Idi yana cewa "Idrisu" da ƙaramar muryarsa ta 'yan birni, ni kuma ina ta zabga wa ƙasa kara. Kishi ne zalla, ba zan sa masa wani suna ba. Da Iya ta kai hannu za ta kori ƙuda, Idi ya zabura ya faɗi sunan a daidai inda take maganar jaki, gida ya kece da dariya, har ita tana share hawaye da bakin zane. Ni kaɗai ce ban dara ba, zakara ne ya sha kara a madadinsa.

Da aka kunna aka saurara, na lura da abin da ba wanda ya lura da shi. A kaset, Malam jarumi ne da ya ƙetare da iyalinsa kogi yana cike. Ni kuwa Iya ta sha gaya mini cewa tsoron ruwa gare shi, ranar ma runtse ido ya yi, ya damƙe bakin zanenta yana ta salati har suka isa gaɓa, kuma tun daga ranar ta fara sonsa. Ba za ta faɗi wannan a gaban 'ya'yansa ba. Washegari da na tambaye ta, ta ce, "Wancan na akwati ne, wannan naki ne." Ban ji daɗi ba ko kaɗan, na akwatin nake so.

Yanzu Iya ta daɗe da rasuwa, Baffa ya bi ta, Idi ma bara muka yi masa rakiya, Allah Ya ji ƙansu. 'Ya'yansa sun juye kaset ɗin a waya, kowa a dangi yana da shi, ana ta sa wa Idi albarka cewa ya riƙe mana tarihi. Nakan saurara in ji Iya da Idi suna dariyarsu, kishin ya taso sabo fil, da furfurata da komai. Kwanaki na tara jikokina na ba su labarin bakin zanen. Babbarsu ta danna waya ta saurara har ƙarshe, sannan ta ɗago ta ce, "Hajiya, ai ba ya ciki."

Da, in tsohuwa ta faɗa, an gama. Yanzu ni ce tsohuwar, kuma ba ni da shaida.