Duwatsun Malam Kuwabara

Kuwabara Shozo ya yi shekara talatin da ɗaya yana koyar da kimiyya a firamaren ƙauyen Ochibara, kuma abu ɗaya tak yake so ya zauna a kan yara: sararin sama faɗi gare shi, yawancinsa kuwa wayam ne. A ganinsa littafin aji maƙaryaci ne, tunda yana cusa duniyoyi takwas a shafi guda. Nisa, in ji shi, ba a karanta shi, sai ƙafa ta ji a jikinta.

Saboda haka ya kife tsohuwar tukunyar shinkafar makaranta a bakin ƙofa, faɗinta mita guda, ya ce ita ce rana. Ya kwaso duwatsun rafi takwas masu tsayin gwiwa, ya auna hanya da igiya, ya kafa su a gefenta, kowanne da ƙwallonsa a ka daidai girman duniyarsa. Tamu duniyar ƙwayar waken suya ce, taku ɗari da hamsin daga tukunya. Mushtari kamar lemu, can wajen injin casa. Ta ƙarshe sai an haye gada, kilomita uku da ɗoriya. Duk shekara, da an gama dashen shinkafa, yakan tasa 'yan aji biyar a gaba su taka har can. Wanda ya ce ya gaji, sai Malam ya ce, "Madalla, yanzu ka fara ganewa."

Abin da bai lissafa ba shi ne tsofaffin ƙauyen. A wurinsu duk dutse mai tsayin gwiwa da ke tsaye a bakin hanya Jizo ne, gunki mai tsaron yara da matafiya, kuma ba a barinsa ba jan ƙyalle a wuya. Wata safiya Malam ya tarar da duniyar Zuhal ta sha ƙyalle, ga kofin shayi a gabanta. Bai sha wahalar bincike ba, Iya Tomie mai awara ce, tana nan tsaye tana gyara ɗaurin.

"Iya Tomie, wannan fa Zuhal ce," in ji shi. "Iska ce zalla, ba ta shan shayi."

Ta ce, "To Malam, ko ba ta sha ba ai ba ta ce a ɗauke ba. Ka bar dutse tsirara cikin sanyin nan, ko kunya babu."

"Ni na ɗauko shi daga rafi da hannuna!"

"Sauran kuma daga sama suka faɗo, ko?"

Haka suka yi ta yi shekara da shekaru. Ya kwance ƙyallayen, ya ninke su tsaf, ya kai mata shago da gaisuwa. Ta karɓa da godiya, ta ƙara masa awara, washegari ta mayar. Ya yi ritaya, gwiwa ta fara ciwo, amma bai fasa raka 'yan aji biyar ba.

Yana da shekara saba'in da huɗu hukuma ta tashi faɗaɗa hanyar. Wani ma'aikaci mai suna Yanagida ya same shi a gindin Zuhal, ya rusuna, ya miƙa katinsa da hannu biyu. Iya Tomie na gefe da butar shayi.

"Malam, a gafarce ni," in ji Yanagida. "Duwatsun nan kayan koyarwa ne ko na ibada? In na koyarwa ne, mota za ta kwashe su ranar Litinin. In na ibada ne, ba mai taɓa su haka kawai."

Malam Kuwabara mutum ne da ko makin yaro bai taɓa ƙarawa da rabi ba. Ya dubi hanyar har inda ta ɓace wajen gada, ya tuna ƙafafun da suka gaji a kanta. Tsoro ya kama shi, na gaske, cewa Litinin za ta share aikin rayuwarsa.

Ya ce, "Na ibada ne."

Iya Tomie ta yi tari, ta kau da kai.

Hukuma ta cika alkawari, ba wanda ya taɓa su haka kawai. Aka ɗauko malamin haikali, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana karatu yana ba su haƙuri. Leburori suka sa farar safar hannu, suka naɗe kowanne da bargo. A harabar haikalin aka gina musu rumfa ta katako mai ƙamshi, aka jera su kafaɗa da kafaɗa, kowanne da sabon ƙyalle, don kada ɗaya ya zauna shi kaɗai cikin ruwan sama.

Ranar buɗe rumfar aka zaunar da Malam a sahun gaba. Da aka ce ya yi jawabi, ya miƙe, ya rusuna, ya ce aiki ya yi kyau, ya gode. Aikin kuwa ya yi kyau, ba ƙarya. Baƙin ciki ne kawai ya ishe shi, ga shi ba wanda zai kai wa ƙara, tunda da bakinsa ya faɗa.

Da jama'a suka watse zuwa cin abinci, ya dogara sandarsa ya auna. Daga duniya ta farko zuwa ta ƙarshe, taku huɗu ne.