Rubul a Kwandon Baiko

Ko zan manta ranar albashi, ba zan taɓa mantawa da ranar da Baba Emeka ya shigo ƙaramin bankinmu na Kafanchan ba, ya danne wata ambulan a ƙirji, dattawa biyu na biye da shi sai ka ce masu gadin gwamna. Lokacin ni ne kashiya, wato mai karɓa da biya a bayan gilashi. Shi kuma tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ma'ajin wata majami'a a hanyar Godogodo.

"Ɗana, kuɗin waje ne," in ji shi. "Canza mana, za mu sa kwano a coci."

Na buɗe. Takardu ne jajaye da koraye, sababbi ƙal, kowace da hoton wani mai sanƙo da ɗan gemu. Wata gwauruwa ce ta jefa su a kwandon baiko, wato sadakar coci. Mijinta ya yi karatu a Rasha zamanin Tarayyar Sobiyat, ya ɓoye su a akwati har ya rasu. Wani dattijo ya ce mai sanƙon nan ɗan mishan ne, fuskar masu addu'a gare shi.

A ƙa'ida, kashiya ba ya yanke hukunci a kan kuɗin waje, sai manaja. Na kai wa manajarmu, Madam Ladi. Ta bincika a waya, ta yi dariya har tabarau ya faɗi.

"Bitrus, rubul ne. Ƙasar da ta buga shi ta rushe tun 1991. Rasha ta janye waɗannan, ta buga sababbi, su ma daga baya ta yanke musu sifili uku. Ɗan mishan ɗin nasu kuwa, gwamnatinsa ce ta rurrufe majami'u. Je ka faɗa musu."

Haka manya suke: su yi dariya a ofis, kai ka kai labarin rasuwa.

Na faɗa. Sai dattawan suka juya suna kallon Baba Emeka, don ambulan ɗin a gidansa ta kwana.

"Baba, ranar Lahadi kuɗin nan da ransa," in ji ɗaya. "A gidanka ya mutu?"

Tsohon ya kama hannuna ta ƙarƙashin gilashi. "Ɗana, tun kafin a haife ka ina riƙe kuɗin Allah. Yanzu za su ce ni ɓarawo."

Ranar Lahadi na ɗaura naktaye na tafi cocinsu ba da shaida. Ashe ranar godiyar girbi ce, ranar da ake gwanjon kayan baiko, inda kaza ke kai kuɗin akuya don ba mai yarda a kayar da shi gaban surukai. Na tsaya na yi bayanin rubul har maƙogwarona ya bushe. Ba wanda ya ce amin.

Sai shugabar zumuntar mata ta fizge takarda ɗaya ta ɗaga sama: "Jama'a, ga kuɗin da ya binne ƙasarsa! Wa zai saya?"

Masu neman kujerar kansila biyu suka miƙe, suka shiga gasar tayi. Wallahi ban taɓa ganin gawa ta yi tsada haka ba. Kafin waƙar rufewa ambulan ta zama fanko. Dattijon da ya zargi Baba ma ya sayi ɗaya, kuma shi ya kawo shawarar Baba ya ci gaba da riƙe jaka. Baba ya taka rawa har hularsa ta faɗi.

Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, ku ji: a kwas za a koya muku cewa babban banki ne ke kashe kuɗi, shi ke raya shi. Ku rubuta haka a jarrabawa. Amma kafin ku ce wa mutum takardarsa ta mutu, ku fara tambayar zumuntar mata.